Gidan Sarkin Daura

Birnin Daura yana gabas da Katsina, tafiyar kamar mil 50, yana kuma arewa da Kano da mil 73. Daga garin zuwa Kwangwalam, inda iyakar Nijeriya da Nijar ta ke, ba wata tazara ba ce, mai keke ya kan je ya komo kafin azahar. In aka gwada shi da Kano ko Zariya, Daura ƙaramin gari ne, kuma ya daɗe a haka. Amma duk inda Hausawa suka zauna suna lissafin asalinsu, da sunansa su ke farawa, har a kan kira shi tushen Hausa. Baƙon da ya zo don ya ga dalilin wannan girma, wuri biyu a kan kai shi. Na fari rijiyar Kusugu, na biyu gidan Sarki, wanda mutanen garin su ke kira Kangiwa, shi da filin da ke ƙofarsa. Labarin rijiyar ya bazu ko'ina, yara ma sun san shi. Na gidan ne bai bazu ba, ga shi kuwa shi ya fi bukatar a kula da shi, don rijiya ba ta tsoron damina, ginin ƙasa kuwa damina ce abokiyar gabarsa.

Masu tarihin Daura sun ce kafin a yi sarakuna maza, mata ne su ke mulkin ƙasar, ana ce wa kowacce Magajiya. Girgam, watau jerin sunayen sarakunan Daura da aka rubuta, ya kawo su ɗaya bayan ɗaya, ya fara da Kufuru. Mazauninsu na fari shi ne Tsohon Birni, arewa da Daura ta yanzu. Aka ce Magajiya Daurama ita ta taso daga can ta kafa sabon gari kusa da Kusugu, ta gina gidanta, garin ya ci sunanta. Sauran labarin sananne ne. Wani baƙo wai shi Bayajida ya fito daga Bagadaza, ya zauna Barno har ya auri 'yar Sarki, sa'an nan ya gudo yamma. Ya bar matarsa a Garun Gabas, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa takobi, ya iso Daura da dare ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya roƙi ruwa ta ce babu, don macijin da ke cikin rijiya ba ya barin a ɗiba sai ran Jumma'a. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin. Da gari ya waye Magajiya ta aiki manyanta su dubo, har yanzu kuwa ana danganta matsayin Kaura da na Galadima da abin da kowannensu ya yi a bakin rijiyar ran nan. Bayajida ya auri Magajiya, ta haifi Bawo, 'ya'yan Bawo shida suka yi sarautar Daura da Katsina da Kano da Rano da Zazzau da Gobir. In aka haɗa da Biram, watau Garun Gabas, Hausa Bakwai ke nan.

Masana sun yi ta muhawara a kan wannan labari. Waɗansu sun ce Bayajida shi ne Abu Yazid, wanda ya yi tawaye a Afirka ta Arewa ya mutu cikin 947, ko kuwa mutanensa ne da suka watsu bayansa. Waɗansu suka ce ba mutum ɗaya ba ne, labari ne da aka tsara don a nuna zumuncin ƙasashen Hausa. Kowanne ya zama gaskiya, akwai abu ɗaya cikin labarin da ya kamata a lura da shi. A rijiya aka kashe maciji, amma a gidan Magajiya aka yanke maganar ladan wanda ya kashe shi. Can aka tara jama'a, can aka bukaci kowane mai da'awa ya fito da kan macijin, can gaskiya ta bayyana. Ashe tun cikin labarin farko, gidan nan wurin rarrabe gaskiya da ƙarya ne, ba wurin kwanan mai mulki kaɗai ba.

To, mai karatu zai so ya sani, shin bangon da a ke gani yau shi ne wanda Daurama ta gina? Ko kusa. Ba wani bangon ƙasa da zai shekara dubu a ƙasar da a ke damina kowace shekara ba tare da an taɓa shi ba. Wanda duk ya san yadda a ke ginin soro ya san dalili.

Maginan Hausa da rani su ke aiki. Su kan haƙo jar ƙasa daga bayan gari ko cikin unguwa, ramukan da suka bari su ne kududdufan da a ke gani cikin tsofaffin birane. Su jiƙa ƙasar, su tattake ta da ƙafa, su mulmula ta da hannu ta zama tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, su shanya a rana har ya bushe. Ƙasar da za a ɗaure tubalin da ita dabam a ke kwaɓa ta, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta kwana da kwanaki ta ruɓe, ta yi danƙo. Sa'an nan a jera tubali gindi ƙasa kai sama, sahu bisa sahu, bango ya tashi da kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Bangon babban soro kaurinsa a gindi ya kan fi tsawon hannun mutum.

Rufi shi ne inda gwani ya ke bambanta da kowa. Itacen da a ke rufi da shi azara ce, wadda a ke tsagowa daga namijin giginya, don ita ce gara ba ta ci. Amma azara gajera ce ga ɗaukar nauyi: in ta wuce kamar ƙafa 6 ba abin da ya tallafe ta, sai ta lanƙwashe ƙarƙashin ƙasar da aka ɗora mata. Saboda haka talaka ɗakinsa ƙarami ne. Sarki kuwa yana bukatar ɗakin da zai ɗauki hakimai da malamai da masu ƙara gaba ɗaya. Dabarar da magina suka samo ita ce baka. Su kan kafa azara cikin bango su karkato ta ciki, su ɗaura wata bisa kanta da igiya ta ƙara karkatowa, su ƙara wata, haka daga wannan bango haka daga wancan, har su haɗu a tsakiya, kana su lulluɓe duka da ƙasa. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki kamar itacen da a ke ɗaure bakin guga da shi, sai a ce ɗaurin guga. Bisa bakunan nan a ke jera gajerun azaru, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa, rufin ya yi tulluwa yadda ruwa zai gangara. Mutumin da ya shiga irin wannan soro ya ɗaga kai, ya ga ƙasa tsantsa tana rataye bisansa ba ginshiƙi a tsakiya, ba zai sāke raina magini ba.

Bayan rufi sai tsare gini daga ruwa. A kan yaɓe bango da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Bisa soro kuwa laso a ke shafawa, shi ko laso haɗi ne na katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. A sa indararo don ya zubar da ruwa nesa da gindin bango, a tayar da zankwaye a kusurwoyi. Duk da wannan wahala, laso shekaru kaɗan ya ke yi ya tsattsage, yaɓe kuwa kusan kowace shekara sai an sabunta shi. Indararo ɗaya in ya toshe a watan Agusta, ruwa ya kwana bisa soro, to aikin shekara hamsin yana iya zubewa cikin dare ɗaya.

Saboda haka babban gidan ƙasa kamar gari ya ke, kullum ana mutuwa ana haihuwa. Wannan sarki ya rushe zaure ya tayar da sabo, wancan ya ƙara soro, wani ya ɗaukaka ƙofa. Abin da ya daɗe a Kangiwa shi ne wurin, da tsarin gidan, da aikin da a ke yi cikinsa, da kuma sanin yadda a ke gyara shi, wanda magina su ke gada daga iyayensu ƙarƙashin Sarkin Magina. Wanda ya zo neman tsohon tubali don ya taɓa, ya yi kuskuren abin da ya zo gani.

Tsarin kuwa irin na fadojin Hausa ne duka. Daga waje akwai fili mai faɗi inda jama'a ke taruwa, masallaci ba nisa. Daga filin a shiga zaure, daga zaure a faɗa wani fili, daga nan wani soron, kowace ƙofa tana rage yawan masu wucewa. Talaka yana da inda zai tsaya, hakimi yana da inda zai kai, can ciki kuma akwai inda ba namijin da ke wucewa sai mai gida. Mutum ko bai iya karatu ba, in ya bi ƙofofin nan sau ɗaya ya fahimci yadda mulkin ƙasar ya ke, wa ke gaba da wa, da inda magana ta ke bi kafin ta kai kunnen Sarki.

Yadda Hausawa suka ɗauki gidan sarauta, wani abu da ya faru a Kano lokacin jihadi ya fi kome bayyana shi. Sa'ad da Sulaimanu ya zama Sarkin Kano na fari cikin Filani, manyan jama'arsa suka hana shi shiga Gidan Rumfa, wanda Muhammadu Rumfa ya gina cikin ƙarni na 15. Tsoronsu shi ne in suka zauna gidajen Haɓe, 'ya'yansu za su tashi da halin Haɓe. Kanawa kuwa suka nuna masa in bai shiga gidan ba, ba wanda zai ɗauke shi Sarkin birni da ƙauye. Sai da maganar ta kai gaban Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya ba da izini, kana Sulaimanu ya shiga. Duka ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, watau gidan yana da ikon da ya fi na mutumin da ke cikinsa.

Jihadin ya iso Daura wajen 1805. Malam Isiyaku, wanda ya karɓo tuta, ya ci birnin, Sarkin Daura na lokacin, wanda a ke wa laƙabi da Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa ya yi arewa. Daga nan danginsa suka yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, yau yaƙi gobe sulhu, har suka kafu a Zango, wani reshe kuma a Baure. Ƙarfinsu bai kai su tsaya da kansu ba, suka zauna ƙarƙashin inuwar Damagaram. Aka wayi gari akwai Daura uku a lokaci guda: ta Filani cikin birni mai bin Sakkwato, da ta Zango, da ta Baure. Wani masani mai suna M. G. Smith ya rubuta littafi sukutum a kan yadda mulkin nan uku suka gudana, aka buga shi cikin 1978. Abin mamaki shi ne Zango ba ta da nisa da Daura ko kaɗan. Shekaru masu yawa 'ya'yan Abdu da jikokinsa suna zaune kusan inda za su jiwo tamburan gidan kakanninsu, suna naɗa nasu Galadima da nasu Kaura, suna kiran kansu Sarakunan Daura, amma ƙofar a rufe ta ke gare su.

Ba su kaɗai wannan ya sama ba. Haɓen Katsina sun koma Maraɗi, Gobirawa sun kafa Tsibiri bayan da Alƙalawa ta faɗi cikin 1808, na Zazzau sun yi kudu suka kafa Abuja ta dā, wadda yanzu a ke kira Suleja. Alwali na Kano an kashe shi a Burumburum. Cikin waɗannan duka ba wanda zuriyarsa ta koma gidan da aka fitar da ita. Alƙalawa ma kufai ta zama.

Daura kaɗai ta saɓa. Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato cikin 1903, suka shiga shata iyaka da Faransa, iyakar ta ratsa tsakiyar tsohuwar ƙasar Daura, garuruwa irin su Magarya suka faɗa wajen Faransa. Malam Musa ya zama sarki a Zango cikin 1904. Cikin 1906 Turawa suka sauke sarkin Filani, suka kawo Malam Musa birnin Daura, suka haɗa masa ƙasar da ta rage a wajensu, har da Zango da Baure. Ba don ƙaunar tarihin Hausa suka yi haka ba, lissafin mulkinsu da tsaron iyakarsu su ke yi. Amma abin da ya fito daga lissafin nan shi ne, a duk manyan biranen Hausa da jihadi ya ci, Daura ce kaɗai inda tsohon gidan sarauta ya koma cikin tsohuwar fadarsa. Wannan shi ne babban abin da Kangiwa ta fi Gidan Rumfa na Kano da Gidan Korau na Katsina da shi, ko da ya ke su sun fi ta girma nesa ba kusa ba.

Malam Musa ya rasu cikin 1911, ɗansa Abdurrahman ya gaje shi, ya yi shekara 55 bisa gado, har 1966. A zamaninsa gidan Sarki ya yi aikin da bai taɓa yin irinsa ba, don Turawa ta hannun sarakuna suka yi mulki, abin da a ke kira En'e. Aka kafa baitulmali, aka sa wa Sarki da hakimai da alƙalai albashi, aka rubuta masu biyan haraji da jangali. Kamar yadda aka yi a sauran biranen Arewa, ma'aji da magatakarda da 'yan doka da gidan yari duk ƙarƙashin Sarki su ke. In Di'o ko Razdan ya zo, fada ya ke sauka ya yi magana. Manomin da aka ci masa iyakar gona, da matar da aka hana ta gado, da mai unguwar da aka zarga da cin haraji, in abin ya gagara a ƙauye ƙofar nan su ke nufa, don Sarki yana da kotu tasa wadda ta fi ta alƙali. Wani ya fito da murna, wani ya fito da kuka, ba kuwa kullum mai gaskiya ne ke murnar ba. Tarihin En'e a ko'ina cikin Arewa yana da nasa tabo, shi ya sa 'yan siyasar NEPU suka yi ta sūkarta tun daga 1950. Amma daɗi ko wuya, duk abin da ya sami talakan ƙasar Daura daga hukuma cikin shekarun nan, ta zaurukan gidan nan ya biyo. A dā Daura cikin Lardin Kano ta ke, cikin 1934 aka haɗa ta da Katsina aka yi Lardin Katsina.

Bayan Abdurrahman aka naɗa Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarautar Wamban Daura, ya kuma yi minista a gwamnatin Sardauna a Kaduna. Shi ya ga lokacin da aka zare wa fada ikonta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi, haraji da ayyukan raya ƙasa suka koma can. Cikin 1987 aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Ƙasar Daura ta kasu ƙananan hukumomi 5, watau Daura da Mai'aduwa da Sandamu da Zango da Baure, kowacce da ofishinta. Sarki Bashar ya rasu cikin watan Fabrairu na 2007, aka naɗa Umar Faruk Umar. Daga 1906 zuwa 2007 sarakuna uku kaɗai suka zauna gidan, abin da ba a cika samu ba.

Mai hangen nesa zai zaci da aka ɗauke kotu da baitulmali, gidan zai zama kango mai dogarai. Bai zama ba. Har yanzu nan a ke naɗa hakimai da dagatai, nan a ke kawo rigimar manomi da makiyayi in ana son a kashe ta ba tare da an je gaban alƙali ba, nan gwamna da ɗan takara su ke fara sauka in sun shigo gari. Takobin da a ke cewa da shi aka kashe macijin, cikin gidan ya ke a ajiye. Bayan Salla a kan yi Hawan Magajiya, hawan da sunansa kaɗai ya isa tuna wa mutane cewa mata suka fara riƙe ƙasar. A watan Rabi'ul Awwal kuma a yi Sallar Gani, wadda Daurawa na nesa su kan yi tattaki su zo dominta, har daga ƙetaren iyaka, don mutumin Magarya ko na Kance bai daina ganin Daura gidan kakansa ba saboda Bature ya ja layi a takarda. Duk waɗannan hawa a filin Kangiwa su ke ƙarewa. Rijiyar Kusugu ita an gina mata ɗaki an rufe ta, baƙi na zuwa su sha ruwanta. Ita ta huta. Gidan kuwa bai huta ba, kullum ana aiki cikinsa, abin da a ke aiki da shi kuwa kullum ana son a sāke shi ya dace da zamani.

Nan ne maganar ta ke da wuya. Garin ya buɗe ƙwarai cikin 'yan shekarun nan, musamman sa'ad da ɗansa Muhammadu Buhari ya ke shugabancin Nijeriya daga 2015 zuwa 2023. An kafa manyan makarantun gwamnatin tarayya, an kuma fara aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi cikin 2021, wadda aka tsara ta biyo ta Daura. Kuɗi sun shigo, siminti da kwano da bulo suka biyo su. Fadojin Arewa duka siminti ya shige su, ta Daura ma haka. Ba za a ga laifin mutane ba. Wanda soro ya taɓa rufta wa danginsa da damina, ba wanda zai zauna ya yi masa wa'azin kyan ginin ƙasa. Kwano ba ya bukatar laso, bulo ba ya bukatar yaɓe kowace shekara, gayyar da sarakuna su ke kira a dā don gyaran ganuwa da fada kuwa ta tafi tare da zamaninta. Amma akwai abubuwa biyu da ba a cika faɗa ba. Na ɗaya, soron ƙasa mai kauri yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu, ba tare da wutar lantarki ba, ɗakin kwano kuwa da rana tanderu ne. Na biyu, in aka yaɓe bangon ƙasa da siminti, kamar yadda mutane da yawa su ke yi da nufin tsare shi, cutar da shi aka yi. Siminti ya kan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa ta inda zai fita, ƙasar ta ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi, ran nan sai a ga ɓawon ya ɓalle da rabin bangon.

Zariya ta ga irin abin da ke iya faruwa. Masallacinta na Jumma'a, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu wajen shekarun 1830, shi ne gini mafi gwaninta da maginan Hausa suka taɓa yi. Cikin shekarun 1970 jama'a suka yi yawa, aka gina sabon masallaci na siminti bisa wurin, abin da ya rage na tsohon ya koma cikin cikin sabon. Allah ya sa kafin haka wani masanin gine-gine mutumin Polan, Dmochowski, ya auna shi taki taki ya zana. Da zanensa aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihi na Jos, inda aka tattara misalan gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Yanzu Bazazzagin da ke son ya ga masallacin kakanninsa yadda ya ke a dā, sai ya hau mota ya tafi Jos, ya ga masallacin da ba a salla cikinsa.

Akwai doka. Tun 1953 aka yi dokar tsare kayan tarihi a Nijeriya, cikin 1979 aka kafa hukumar da ke kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi ta ƙasa. Ƙarƙashin irin wannan doka aka tsare Gidan Makama a Kano, da hasumiyar Gobarau da tsohuwar Kwalejin Katsina. Sai dai doka hana rushewa ta iya, ba ta iya kwaɓa ƙasa ba. Misalin da ya fi kusa da halin Kangiwa yana Mali. Babban masallacin Jenne, wanda a ke cewa ba ginin ƙasa mai girmansa a duniya, cikin 1907 aka tayar da shi bisa gurbin tsohon, watau shekara ɗaya bayan komowar Malam Musa Daura. Ba tsufan bangonsa ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya cikin 1988 ba. Kowace shekara mutanen Jenne su kan fito, maza da mata da yara, unguwa tana gasa da unguwa, su yaɓe shi gaba ɗaya, tsofaffin magina suna zaune suna nuna inda za a taɓa. Ta haka yaro ya ke koyon aikin tun yana ɗaukar kwando. Agadas ma, inda hasumiyar masallaci da fadar Sarkin Abzin su ke na ƙasa, ta shiga wannan jeri cikin 2013.

Gyaran soro ɗaya irin na dā a Daura ba aikin magini kaɗai ba ne. Yana bukatar marina mai rai da za ta ba da katsi, marinar ƙauyuka kuwa yawancinsu sun cike tun da yadin kanti da shuni na kwalba suka zo. Yana bukatar majemi da zai ba da gashi, da mata masu tara ɓawon ɗorawa, da wanda ya san dafara in ya gan ta a daji. Yana bukatar yaron da zai yarda ya shekara goma yana miƙa tubali kafin a bar shi ya ɗaura azarar baka ta fari, alhali tsaransa mai ɗora bulo yana karɓar kuɗinsa kowace yamma. Bisa ga duka yana bukatar azara. Giginya ba ta da saurin girma, sai ta yi shekaru masu yawa kafin itacenta ya ƙosa ya yi baƙi ya gagari gara, waɗanda ke kusa da garuruwa kuwa an sare mafi yawansu. Azarar da ke ɗauke da tsofaffin sorayen Daura yau, daga giginyoyin da suka tsiro tun 'ya'yan Abdu suna zaune a Zango aka tsago waɗansunta.